Bulon Gilashi a Tagar Mama

Makera, Kaduna
8 ga Maris, 1999

Yaya Rhoda,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da Oga Benson da yara. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwar Mama da ke tashi lokaci-lokaci. Ranar Talata na kai ta asibitin ido. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe rabin na hagu, na dama ma ya soma, amma ba za a yi aiki ba tukuna. Yanzu Littafi Mai Tsarki ni nake karanta mata, haka ma wasiƙunki.

Gyaran ɗakinta na gaba ya yi nisa. An sauke tsohon kwano an sa sabo, an buga silin, jiya Malam Nuhu birkila ya gama filasta. Da ya zo kan taga sai ya danna katakon da yatsa, yatsan ya shige. Gara ta cinye shi tas. Ya cire ta, yanzu buhu muka rataya a wurin. Shawararmu ita ce a faɗaɗa ramin ya zama ƙafa huɗu ta kowane gefe, kafinta ya yi sabuwar taga mai ƙyaure biyu, a sa mata ƙarfe saboda ɓarayi. Likita ya ce ta riƙa zama inda haske yake, kin kuwa san duhun ɗakin nan. Ni nake tsayawa kan aikin idan na taso daga makaranta, har alli da siminti sun gauraye a hannuna.

Zaɓe ya wuce lafiya a unguwarmu. Mama ta dage sai da ta bi layi da sandarta. Ta ce ranar da sojoji za su miƙa mulki a sabon ɗakinta za ta kwana, don haka Malam Nuhu yana da zuwa ƙarshen Mayu.

Bari in ba ki dariya. Mun yi sabuwar 'yar haya, 'yar Binuwai. Kwana uku tana gaishe da Mama da “Maman Damaris, ina kwana?” Mama ba ta gyara mata ba, dariya kawai take yi tana amsawa.

Ki gaida kowa.

Taki ƙanwa,
Damaris


Ikeja, Legas
27 ga Maris, 1999

Damaris,

Wasiƙarki ta same mu lafiya ranar Alhamis. Mun gode wa Allah da aka ga likita a kan lokaci. Christy ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta warke ta koma makaranta. Benson yana gaishe ku.

Ki dakatar da kafinta. Akwai wani abu da ake gini da shi a nan wanda bai yawaita a Kaduna ba, bulon gilashi. Da shi aka yi bangon matakalar ofishinmu. Gilashi ne mai kauri, cikinsa fanko, inci takwas a tsaye, inci takwas a kwance. Haske yana shiga, ido ba ya shiga, ɓarawo zai sha wuya kafin ya fasa, gara kuma ba ta da abin ci a jikinsa. Asabar biyu na yi ina yawo a kasuwar kayan gini kafin in zaɓa. Akwai mai santsi wanda ake hangen mutum ta cikinsa, akwai mai launi, akwai mai zanen igiyar ruwa. Na ɗauki na ƙarshen, domin yana baza haske ko'ina cikin ɗaki, ba ya tara shi wuri ɗaya ya kashe ido. Abin da idon Mama ke bukata ke nan.

Taga mai ƙafa huɗu za ta ci talatin da shida, layi shida na bulo shida. Na sa an ɗaure arba'in saboda hanya. Ki gaya wa birkilanku ba a yanka shi, ramin ne zai bi awon bulo. Za su taso cikin motar kaya ta wani ɗan cocinmu, zai sauke su a Kakuri.

Labarin 'yar hayarku na karanta, ban ga abin dariya ba. Ita baƙuwa ce, ba ta da laifi. Amma ke kina tsaye a wurin. Tun da Anti Ruth, mahaifiyarki, ta rasu aka kawo ki gidanmu kina 'yar shekara takwas, ban taɓa nuna miki cewa ba ciki ɗaya muka fito ba, ba kuma yau zan fara ba. Sai dai sunan da layin nan ya san Mama da shi shekara talatin da huɗu shi ne Maman Rhoda. Na kuma lura kin ce “shawararmu.” Na duba wasiƙar sau biyu, ban ga inda aka tambayi tawa ba.

Ki gaida Mama, ki ce mata kyautar ɗiyarta tana hanya.

Yayarki,
Rhoda


Makera, Kaduna
19 ga Afrilu, 1999

Yaya Rhoda,

Gaisuwa da fatan alheri. Sannu da jinyar Christy. Mama tana lafiya, zafin nan ne kawai yake hana ta cin abinci sosai.

Kaya sun iso, biyu ne suka fashe a hanya. Gaskiya suna da kyau. Mama ta sa an tura kwalayen ƙarƙashin gado, duk wanda ya shigo gidan nan sai ta ciro ɗaya, ta goge da bakin zane, ta ɗaga masa a rana. “Rhoda ce ta aiko daga Legas.” Matan zumunta sun gani, mai kawo ruwa ya gani, har mai karɓar shara. Kwano da silin da aka yi wata biyu ana fama da su, ban ji an nuna wa kowa ba. Ba ƙorafi nake yi ba, labari nake ba ki.

Malam Nuhu ya san bulon, ya taɓa ɗaura shi a wani gida a Barnawa. Ya juya shi a hannu ya ce, “Malama, kaya ne na kirki. Amma wannan ba taga ba ce, bango ne mai haske. Ba ya buɗewa, iska ba ta ratsa shi, magana ma da ƙyar. In na ɗaure shi da siminti kuma, ba ya fita sai da guduma.” Ya ce tagar tana kallon yamma ne, ranar la'asar za ta zauna a kanta, kuma ɗakin ba shi da wata mafitar iska sai ƙofa. Shawararsa a sa layi ɗaya a saman tagar katako don ƙarin haske, sauran a yi bangon banɗaki da su, inda ake son haske ba a son ido.

Yaya, ki tuna yadda Mama take zama. Tun da idonta ya yi rauni, da kunne take ganin layin nan. Jiniyar masaƙa na kaɗawa za ta ja kujera bakin taga. 'Yan aikin safe suna wucewa suna gaishe ta, tana kiran kowa da sunansa. Baba Monday, wanda suka yi aiki sashe ɗaya da marigayi Baba, kullum sai ya tsaya ya dafa tagar sun yi gardama kan wa'azin Lahadi. Da jan takalminsa take gane shi tun daga kwana. Ko yanzu da buhu ne a wurin, ɗage shi take yi.

Maganar suna kuwa, na gyara wa matar. Yanzu Maman Rhoda take cewa.

Ina jiran amsarki kafin a taɓa komai.

Taki,
Damaris


Ikeja, Legas
6 ga Mayu, 1999

Damaris,

Muna lafiya, ina fata ku ma haka. Ruwa ya sauka sosai a nan.

Banɗaki. Na zaɓo abu da hannuna, na bi shago-shago cikin rana, na aiko shi tun daga bakin teku domin idon uwata, ke da birkilanki kun zauna kun ga babu inda ya dace da shi sai bayan gida, inda ba wanda zai gani sai mai riƙe da buta. Gaban gida kuma, inda duk Makera ke wucewa, a bar wa tagar da kika zaɓa.

Zancen iska ba hujja ba ce. Akwai fanka. Zancen gaisuwa kuma, duk mai son gaida Mama ya san ƙofar gida. Ba na jin daɗin tsohuwa mai ciwon ido ta zauna a taga a buɗe, ƙurar titi na shigar mata, kowane mai wucewa yana leƙa gadonta. Shekara nawa ina faɗa a raina ba ni da halin gyarawa. Yanzu na samu hali.

Akwai abin da ke damuna, gara in faɗa. Ke kike karanta wa Mama wasiƙuna, ke kike rubuto mini amsarta. Abin da na ce mata ta bakinki yake bi, abin da ta ce mini ta hannunki yake zuwa. Ban ce kina ragewa ba. Na ce ba ni da hanyar sani. A wasiƙarki na ji abin da Nuhu ya ce, na ji abin da kike so, ban ji inda Mama ta ce ba ta son bulon a tagarta ba. Abin da na ji shi ne tana nuna wa mutane.

Saboda haka na rubuta mata tata dabam, na aika ta hannun Madam Celina, shugabar zumuntar mata, ta karanta mata. Abin da Mama ta yanke shi za a yi. Kada ki ɗauka da zafi.

Rhoda


Makera, Kaduna
31 ga Mayu, 1999

Yaya Rhoda,

Gaisuwa. Kowa lafiya.

Madam Celina ta zo ranar Lahadi, mako biyu ke nan, bayan sujada, da mata biyu a bayanta. Ta zauna a tsakar gida, ta sa tabarau, ta karanta da muryar da take karanta sanarwa a coci. Ina gefe ina tsince shinkafa. Da ta kai inda kika ce kina so duk wanda ya bi layin ya san Mama tana da ɗiya a Legas da ba ta manta da ita ba, sai Mama ta juyo wajena ta ce, “Ashe haka yarinyar nan take so, ba a gaya mini ba?” Matan suka dube ni. Ban ɗaga kai ba.

Tun da kin tambaya, i, ina tsallake wasu layuka. Na tsallake inda kika ambaci rasuwar uwata, domin ƙanwarta ce, har yau in an kira sunanta sai ta yini ba ta magana. Zancen bulo kuwa ban rage ko harafi ba. Abin da ban yi ba shi ne in ce mata ranki zai ɓaci idan ba a sa a gaba ba, domin na san da ta ji haka magana ta ƙare. Ta kuwa ƙare. Da safe ta aika aka kira Malam Nuhu, ta ce, “A sa duka a gaba.” Ya ce, “Mama, iska fa?” Ta ce, “Na sha iska shekara sittin da takwas, ta ishe ni.”

Ya yi aikin da kyau, ki kwantar da hankalinki. Ya zuba sabuwar linta ta kankare a saman ramin, domin ya ce bulon ba ya ɗaukar nauyin bango. Ya bar tazarar yatsa a sama ya cusa soso. Farin siminti ya kwaɓa da yashi mai laushi, yana shimfiɗa siririn rodi bayan kowane layi biyu. Layi biyu kawai yake yi a rana, wai gilashi ba ya shan ruwa, in aka yi sauri sai na ƙasa ya zame. Kwana uku ya gama, ya goge kowane ɗaya da tsumma kafin siminti ya bushe.

Da la'asar ɗakin kamar mutum yana cikin ruwa mai haske. Ban taɓa ganin irinsa ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Shekaranjiya maƙwabta suka cika falonmu kallon miƙa mulki a talabijin, amma rabinsu suna waje suna shafa tagar. Wani ya ce gidan ya zama banki. Mama ta kwana a ɗakinta kamar yadda ta yi alkawari.

Kin samu abin da kike so.

Damaris


Makera, Kaduna
20 ga Yuli, 1999

Yaya Rhoda,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Mako bakwai ke nan ban ga amsarki ba. Ina fata lafiya ce, ko kuwa gidan waya ne. Mama tana tambaya duk ranar da na dawo daga duba akwati.

Tana tari, mako biyu yanzu. Na kai ta an ba ta magani, an ce sanyi ne ya shige ta. Ga yadda aka yi. Tun da damina ta kankama ɗakin ba ya bushewa. Sabuwar filasta tana fitar da danshi, babu inda zai bi. Zannuwanta na zumunta da ke cikin akwati sun yi fumfuna, takalmanta na coci ma. Idan rana ta fito da la'asar kuma sai ɗakin ya ɗau zafi kamar an rufe tukunya. Fanka tana aiki in akwai wuta, amma iskar ciki take juyawa.

Da safe jiniya na kaɗawa takan ja kujera gaban gilashin kamar da. Inuwa take gani tana wucewa, ba ta san ta wa ba ce. Makon farko Baba Monday yakan ƙwanƙwasa da sandarsa ya yi magana, ita tana “Wane ne? Wane ne?” Kafin ta lallaba da gwiwar nan ta zagayo ta falo zuwa ƙofar gida, ya kai bakin titi. Ya ce shi ba ya shiga gidan gwauruwar abokinsa da sassafe, mutane su samu abin faɗa. Sai ta koma fitar da kujera ƙofar gida, inda feshin ruwa ke dukanta. Can ta samo tarin.

Na hana ta zaman ƙofa. Yanzu a ɗakina take kwana, ni ina ƙasa kan katifa. Ɗakin nata da rana take shiga, ta ninke kaya, ta zauna ita kaɗai. In baƙo ya zo kuwa nan take kai shi ya ga aikin Rhoda.

Ki rubuto, ko layi biyu ne.

Taki,
Damaris


Ikeja, Legas
16 ga Agusta, 1999

Damaris,

Wasiƙunki biyu suna hannuna. Ta farkon ban amsa ba domin ban san me zan ce wa “kin samu abin da kike so” ba. Lafiyarmu ƙalau. Ki ci gaba da ba Mama maganin, a haɗa mata da zuma.

“A ɗakina take kwana.” Na karanta layin nan a cikin mota, na sake karantawa a ofis. To, barka. An gyara ɗaki, na sa abu guda ɗaya tak a cikinsa, wata biyu bai cika ba an samu dalilin kwashe ta zuwa naki. Kowane sabon gini yana danshi a daminar farko, har gidajen Legas. A bar ƙofa a buɗe, a shanya kaya in rana ta fito. Wannan bai kai a raba tsohuwa da gadonta ba.

Kina ganin ni ce mai riba don ana kiran sunana a gaban baƙi. Ke kike sanin ranar da ta ci abinci da ranar da ba ta ci ba. Ke kika san launin maganinta. In ta yi mafarkin Baba, ke za ta gaya wa da safe. Ni shekara tara ina samun uwata a takarda, cikin rubutun wata. Bara da na zo Kirsimeti na tambaye ta inda take ajiye gishiri, ta ce in tambayi Damaris. A gidan da aka haife ni. Bulon nan talatin da shida shi ne kaɗai abin da ke wurin wanda ba sai an tambaye ki ba.

Ba za a taɓa shi ba. Rani na zuwa, ɗakin zai bushe.

Rhoda


Makera, Kaduna
30 ga Satumba, 1999

Yaya Rhoda,

Gaisuwa. Tarin Mama ya tafi, mun gode Allah. Na yi jinkirin amsa ne domin na rubuta sau biyu ina yagawa.

Baba Monday ya rasu ranar sha bakwai ga wata. Ya faɗi ne a bakin famfon layinmu da misalin ƙarfe uku na rana, taku kaɗan daga tagar Mama. Ina makaranta, muna taron malamai. Mutane suka taru, mata suna kuka, aka nemo mota. Matarsa ta ce kafin a ɗauke shi yana da sauran magana, har ya ce a kira masa Maman Rhoda ta yi masa addu'a. Wata ta buga ƙofar gida, ba a amsa ba, 'yar haya ta tafi kasuwa ta ja ƙofar. Suka ɗauka Mama ba ta nan. Tana nan. Tana cikin ɗakinta, fanka na juyawa, tana ninke zannuwa. Ta ce ta ga inuwoyi suna kai da kawowa a gilashin, ta ji kamar hayaniya daga nesa, ta zaci 'yan siyasa ne ke wucewa. Bai kai asibiti ba. Ni na gaya mata da na dawo.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tambaye ni, “Daidai ina ya faɗi?” Na nuna mata. Ta ce, “Da na ji shi.”

Bayan jana'iza na kira Malam Nuhu ba tare da na tambayi kowa ba. Ya zo da guduma. Mama ta fito ta tsaya tsakaninsa da tagar da sandarta. Ta ce, “Nuhu, mayar da kayanka. Aikin ɗiyata ne. Ita ta sa, ita za ta cire.” Na ce, “Mama, ni fa?” Ta ce, “Ke kina nan kullum, Damaris. Ita wannan ne kawai take da shi.” Malam Nuhu ya saɓa gudumarsa ya fita yana kallon ƙasa.

Kin ce ni na san launin maganinta. Gaskiya ne. Shekara ashirin da ɗaya ina gidan nan, na wanke ta, na yi jinyar Baba har ya cika a hannuna, amma ban isa in sa a buɗe mata taga ba. Ke da takarda ɗaya kika rufe ta daga Legas. In kina son sanin wadda ake kishi a cikinmu, ga amsa.

Ta daina fitar da kujera. Ta daina tambayar wa ya wuce. Ba don ni nake roƙo ba, ba kuma zan sake roƙo ba. Ki rubuto mata da hannunki cewa a fasa. In kin ga dama ki aika ta hannun Madam Celina.

Damaris


Ikeja, Legas
14 ga Oktoba, 1999

Damaris,

Allah ya ji ƙan Baba Monday, ya ba iyalinsa haƙuri. Shi ya ɗauke ni a kekensa ranar da na fara zuwa firamare. Na rubuta wa matarsa.

A fasa. Ga takardar Mama a ciki, gajeriya ce. Na ce mata na tambayi masana a nan sun ce bulon bai dace da ɗakin kwana mai taga ɗaya ba, kuma ni ce na yi kuskuren wuri. Na tambaya ɗin da gaske. Mai zanen gini da ke hawa na uku a ofishinmu ya faɗi abin da Nuhu ya faɗa tun Afrilu, kusan kalma da kalma. Da na tambaye shi tun farko da ya gaya mini. Ban tambaya ba domin ba na son jin amsar da za ta yi daidai da taki.

Ba zan ce miki zuciyata ta yi fari ba. Ranar da za a buɗe ramin, ke za ki ga fuskarta, ni sai dai in karanta. Wannan yana ci na, kuma zai ci gaba da ci na. Amma a fasa, a sa tagar katakon da kika ce, da ƙarfenta. Kada a jira rani.

Yayarki,
Rhoda


Makera, Kaduna
2 ga Nuwamba, 1999

Yaya Rhoda,

Gaisuwa mai yawa. Mama tana lafiya, tana cin abinci. Ki gaida Oga Benson da yara.

An yi ranar Asabar. Na karanta mata takardarki, ta sa na maimaita, sannan ta ce a kira Nuhu. Ba ta yarda ta tsaya ba, ta ce ba za ta iya jin ƙarar ba, ta tafi gidan Madam Celina. Malam Nuhu ya yi ƙoƙarin ciro su lafiya, ya fara daga sama inda soso yake, amma simintin ya kama gam, ga rodi. Bakwai ne suka fita ba tsaga. Sauran sai da guduma, kowane ɗaya yana fashewa da ƙara kamar kwalbar lemo. Kwando huɗu na kwashe, wani ya yanke ni a babban yatsa, ba mai zurfi ba. Kafinta ya kafa tagar kafin azahar, an shafa mata maganin gara.

Mama ta dawo wajen ƙarfe huɗu. Ta shiga ɗakin, ta lalubi ƙyauren, ta tura shi da kanta. Tun da kin ce fuskarta kike son gani: ta rufe ido, bakinta yana motsi, iska na kaɗa bakin ɗankwalinta. Sai ga 'yan aikin rana sun taso. Tun kafin su iso ta ce, “Wancan Bello ne, har yanzu bai gyara sarƙar kekensa ba.” Bello ya taka birki ya ce, “A'a! Mama, an sako ki daga banki?” Ta yi dariya har da tari. Ya tambaye ta wa ya yi wannan aikin alheri.

Ta ce, “Rhoda ce. Ita ta rubuto daga Legas ta ce a buɗe mini. Yarinyar nan akwai tunani.”

Ina tsaye a bayanta da tsintsiya, yatsana ɗaure da tsumma. Ta faɗa wa Bello, ta faɗa wa mai gyaɗa, shekaranjiya Lahadi ta tashi ta faɗa a gaban zumuntar mata. Ban gyara mata ba, ba kuma zan gyara ba.

Ki nemi hutu ki zo Kirsimeti, kada ki ce aiki. Ki zo ki zauna kusa da ita a bakin tagar nan ki ji yabonki da kunnenki. Ni na gaji da jin sa ni kaɗai.

Taki ƙanwa,
Damaris